Sharaɗin Takalmi

Lantana tana tsugune a bakin ƙofa tana zuba wa masu saye shinkafa lokacin da Ɗanbaba ya sauko daga ɗakin mahaifinta yana murmushi. 

Ɗanbaba baduku ne, yana da rumfar ɗinkin takalma a gangaren unguwar Pelourinho, kuma ba mutum ne mai murmushi a banza ba. Ya daɗe yana neman aurenta, ita ma ta daɗe tana zame masa cikin ladabi, shi kuwa ko a jikinsa. Duk ranar da tsofaffin Hausawan da suka rage a Bahia suka taru salla a benen mahaifinta Malam Sulaimanu, yana nan a sahun gaba, da goronsa a aljihu da muryarsa mai sanyi, ka rantse bai taɓa taka ko tururuwa ba.

Ya gaishe ta, ya yaba ƙamshin naman da ta soya da manja, ya yi mata fatan kasuwa. Har ya fara tafiya sai ya juyo ya ce ai Baba yana kiranta.

Ta miƙa wa Gwaggo Laraba ludayin ta hau sama. Ita Gwaggo Laraba ba ciki ɗaya suka fito da Malam Sulaimanu ba, cikin jirgin bayi ɗaya aka kawo su suna yara, kuma a wurin mutanen nan wannan ya fi jini ƙarfi. Ita ta riƙe Lantana tun rasuwar mahaifiyarta.

Malam yana zaune a kan buzu da carbi a hannu. Bai ɗago ya dube ta ba. Cewa kawai ya yi ta aika a kira masa Zubairu, yau ba gobe ba.

Zubairu shi ne wanda zuciyar Lantana ta zaɓa, kuma babu wanda bai sani ba a layin, har Yarbawan da ke toya ƙosai a tsallaken titi. Maraya ne. Kafin ta rasu, mahaifiyarsa wanki take yi a gidajen Turawan Ingila da ke unguwar Vitória, ta fanshi kanta kafin ta haife shi, don haka bai taɓa zama dukiyar kowa ba. A bayan gidajen nan ya tashi, gefen filin da akawunan Turawa ke buga ƙwallon fata ran Lahadi. Wata rana mutum ɗaya ya gaza musu suka ce ya shigo ya cike gurbi, tun daga ranar ba su ƙara yarda a buga babu shi ba.

A tsakiyar fili yake tsayawa. Ƙwallon da za ta je gaba sai ta bi ta ƙafarsa, wadda za ta dawo kuma sai ta gamu da shi. Sauran ranaku dako yake yi a ɗakin ajiyar taba na wani Bature da ma'aikata ke kira Jan Kunne.

To, surukin Jan Kunne ne ya sauka daga jirgin hayaƙi a makon nan. Yana cikin masu faɗa a ji a wata babbar ƙungiyar ƙwallo a can Ingila, a garin masaƙu, inda aka ce ana biyan mutum albashi don ya buga ƙwallo kawai. Ya ji labarin Zubairu ya ce sai ya gani da idonsa. In yaron ya kai yadda ake faɗa, zai tafi da shi, da matarsa in yana da ita, a ba su ɗaki. An sa wasan gwaji ran Lahadi.

Da wannan labari Zubairu ya aiko manya neman aure, kuma Malam bai ce a'a ba. Lantana har ta fara ɗinke-ɗinke a ɓoye. Sai ga murmushin Ɗanbaba.

Da la'asar Zubairu ya iso. Lantana ta kai ruwa sama, ta sauko, ta laɓe a kan matakala. Ta san laɓe ba kyau, amma yau ba ranar kunya ba ce.

Bayan gaisuwa Malam ya ajiye carbinsa. Sannan ya ce, "An ce mini idan za ka yi wasan nan naka, tuɓe takalminka kake yi ka ajiye a gindin mangwaro. Haka ne?"

"Haka ne, Baba."

"A gaban Turawa."

"Ƙwallon ta fi jin maganata idan ƙafar tana waje, Baba. Haka na koya tun ina yaro."

Lantana ta runtse ido. Da ma ƙarya ya yi, ta ce a ranta, sannan ta yi istigfari.

A Bahia ba a tambayar baƙin mutum ko ɗa ne ko bawa, ƙafarsa ake kallo. Bawa ba ya sa takalmi. Ko da ya sa rigar siliki da agogo a aljihu, in dai da mai shi, ƙafarsa a ƙasa take. Har a shekarar nan da ake ta raɗe-raɗin za a soke bauta, 'yan sanda na tare duk wanda suka gani ba takalmi su tambaye shi gidan wa ya gudo.

Malam ya miƙo ƙafafunsa daga ƙarƙashin riga ya ce Zubairu ya duba. Lantana ba ta buƙatar gani, ta san su: faffaɗa, yatsu a warwatse, dunduniya a tsage kamar ƙasar fadama da rani. Malam ya ba shi labarin da ba ya son bayarwa, yadda ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaukar Turawa a kujerar kafaɗa daga bakin teku zuwa Vitória, dutsen titi na cin tafinsa, da yadda aka zane shi a dandalin fada bayan wani bore da bayi Musulmi suka yi, alhali gemu bai ko fito masa ba.

"Ranar da na fanshi kaina," in ji shi, "kafin in sayi abinci takalmi na saya. Ƙafar ta ƙi shiga. Na rataye shi a wuya na zaga gari da shi don kowa ya gani. Sai da na yi ta jiƙa fatar ina turawa, jini na zuba, kafin ya karɓe ni. Kai an haife ka da abin da na sha wannan wahala a kansa, shi ne kake tuɓewa ka ajiye a gindin bishiya, kana gudu Turawa na tafa maka?"

Zubairu ya ce wallahi bai taɓa kallon abin ta nan ba. 

"To ka kalla yanzu. Na sa Ɗanbaba ya ɗinka maka takalmi mai ƙarfi irin nasu. Ran Lahadi zan zo da kaina. In ka gama wasan nan da takalmi a ƙafarka, na ba ka Lantana, ko Bature ya ɗauke ka ko bai ɗauke ka ba, ko da dako za ka ci da ita. In ka tuɓe, kada ka ƙara taka ƙofar gidan nan."

Lantana ta zauna a kan matakalar.

Takalmin ya iso ran Juma'a. Aiki ne mai kyau, wannan ko maƙiyin Ɗanbaba ba zai musa ba: fatar bijimi mai kauri, wuya har idon sawu, ƙusoshi jere a tafi. Shi da kansa ya durƙusa ya auna ƙafar kishiyarsa da zare, yana ta addu'ar Allah ya ba da sa'a. Yadda aka yi mai auna ƙafa da zare ya ɗinka abin da ya matse yatsu haka, wannan sai dai a bar wa Allah.

Washegari da hantsi Lantana da Zubairu suka haɗu a bakin famfon da take ɗiban ruwa. Tun daga nesa ta ga yana takawa kamar mai tafiya a kan ƙaya. Da ya hango ta sai ya gyara tafiya ya ƙaƙalo dariya, abin da ya ƙara karya mata zuciya ke nan.

Ta tambaye shi ko ya gwada bugawa da shi. Ya ce ya gwada. Ta ce ya ya gani. Ya dubi tulunta, ya dubi masu wucewa, ya dubi ko'ina ban da fuskarta.

"Ba na jin ƙwallon, Lantana. Tana zuwa ta daki fatar ta tafi abinta. Kamar a ɗaure miki hannu cikin buhu a ce ki tsince shinkafa."

"To yaya za ka yi, Yaya Zubairu?"

"Zan buga da shi."

"Baturen zai tafi ya bar ka."

"Ya tafi. Ai da ma ban san shi ba sai makon nan. Ke fa tun yaushe na san ki?"

Hawayen da take ta dannewa suka zubo. Ta tuna masa yadda yake ba ta labarin garin masaƙu idanunsa na ƙyalli, yadda ya ce an ce dubban mutane ke cika fili, yadda ya rantse ba zai tsufa da buhun taba a wuya ba. Ta tuna masa Jan Kunne ma ya ce baɗi zai rufe ɗakin ajiyar ya koma ƙasarsu. In wannan ƙofa ta rufe, wace ce za ta buɗe wa baƙin yaro a Bahia?

Ya ce duk ya sani. Ya kwana yana juya maganar, kuma duk ta inda ya juya ta, ita yake gani a ƙarshe.

"Ka roƙi Baba," ta ce cikin kuka. "Ko in roƙe shi ni. Sau ɗaya ne fa. Ka tuɓe ran Lahadi, daga nan ka sa takalmi har ƙarshen rayuwarka, ai can ƙasar sanyi ce dole ma ka koya."

"Kin ga ƙafarsa kuwa?" ya ce a hankali. "Ni na gani. Ba zan iya buɗe baki in roƙi mai wannan ƙafa ya sassauta ba."

Ya ɗora mata tulun a ka, ya ce ta share fuska kada Gwaggo ta gani. Ta bi shi da kallo har ya sha kwana. Yana zaton ta daina ganinsa sai ya dafa bango ya tsaya.

Duk da haka ta gwada. Ta sami Malam bayan azahar, ta durƙusa, ta fara magana, bai bari ta kai tsakiya ba. Ya ce bai hana ta wanda take so ba, bai kuma ce sai Ɗanbaba ba. Abu ɗaya ya nema, kuma ba zai ɗauki 'yarsa ya ba mutumin da jikokinsa za su taso su ji an ce ubansu yana tuɓe takalmi don Bature ya yi nishaɗi ba.

Gwaggo Laraba kuwa ta tare ta a madafa ta sa ta gaba. Wai me take nema a wurin mai guje-guje bayan fata? Ga Ɗanbaba da rumfarsa, da sana'arsa a hannu, mutumin da ba zai kai ta wata uwa duniya inda ba ta da kowa ba. Ta ce su an raba su da iyayensu da ƙarfi, ita kuma da ƙafarta take neman ta tsallaka teku ta bar tsoho shi kaɗai. Ta faɗi haka tana kuka, Lantana ma tana kuka, shinkafar da ke kan wuta ta kama.

Abin da ya fi damun Lantana shi ne ta rasa addu'ar da za ta yi. In ta roƙi Allah ya ba shi sa'a a wurin Bature, ta san da wace ƙafa sa'ar za ta zo. In ta roƙa ya riƙe takalminsa, to ta roƙa masa dako har mutuwa. Ta ɗaga hannu ta sauke ba ta ce komai ba.

Ran Lahadi suka hau taragon alfadarai zuwa Vitória, ita da Malam da Gwaggo, da Ɗanbaba wanda babu wanda ya gayyata. Malam ya sa farar rigarsa ta Juma'a, takalminsa ya sha mai yana ɗaukar ido.

Filin yana ƙarshen layin manyan gidaje, teku na shimfiɗe a ƙasansa. A gefen inuwa an jera kujeru, matan Turawa da laimominsu, a tsakiyarsu baƙon nan mai furfurar gemu yana zuƙar lofe. A ɗaya gefen, bayan igiya, masu ɗaukar kujera da 'yan dako ne ke jiran iyayen gidansu, yawancinsu ƙafa a ƙasa. Malam ya ƙi tsayawa cikinsu. Ya matsa can gefe shi da mutanensa, ya dogara sandarsa.

Aka fara. Akawunan Jan Kunne ne da ma'aikatan jirgin hayaƙi, ƙatti masu jan wuya.

Ƙwallon farko da ta zo wa Zubairu, ya sa ƙafa zai tare, ta daki bakin takalmin ta yi tsalle ta koma wurin abokan gaba. Ta biyu ya isa a makare. Ta uku ya juya zai yanke wani ƙato, ƙusoshin suka kama ciyawa, ya kife a ƙasa. Aka yi dariya daga gefen inuwa.

Lantana ta cusa bakin mayafinta tsakanin haƙora. Ba ta taɓa ganin wasan ba, amma ba sai an gaya mata ba. Tana gani mutanensa suka fara kauce masa da ƙwallo, suna bugawa ta sama ta wuce kansa. Tsakiyar filin ta zama hanya, ma'aikatan jirgi na bi suna wucewa, har suka ci su sau biyu.

Shi kuwa bai daina gudu ba. Yana faɗuwa yana tashi, yana ɗingishi, bai ko kalli ƙafarsa ba.

Ɗanbaba ya ce, a muryarsa ta ban tausayi, sabon takalmi da ma sai an yi haƙuri da shi. Lantana ta yi masa kallon da ya sa ya koma bayan Gwaggo.

Da aka tsaya hutu, Jan Kunne ya yi kan Zubairu yana nuna ƙafarsa yana faɗa, kunnuwan nan sun ƙara ja. Zubairu ya girgiza kai. Baturen ya ɗaga hannu sama ya juya. A gefen inuwa baƙon ya kakkaɓe lofensa, ya miƙe, ya yafito mai keken dokinsa.

Zubairu ya tako har bakin igiya ya tsuguna a gaban Malam ya gaishe shi, kamar ba abin da ke faruwa. A nan Lantana ta ga jini na tsattsafowa ta hudojin igiyar takalmin.

Malam ma ya gani. Gemunsa ya motsa, amma abin da ya ce shi ne, "Ƙafarka ce. Ni maganata ɗaya ce."

"Na sani, Baba. Saura rabi."

Ya ɗago ya yi wa Lantana murmushi. Ta taɓa ganin irin murmushin nan a fuskar tsofaffin 'yan dako idan an ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu, sun san ba saukewa. Ta hango shi da furfura, ya dawo gida da ƙurar taba a wuya, yana yi mata shi a bakin ƙofa kowace yamma, ba zai taɓa ce mata komai ba. Ta ji ba za ta iya ba.

"Cire shi, Yaya Zubairu."

Gwaggo ta damƙi hannunta. Malam bai juyo ba.

"Lantana, kin san abin da kike faɗa?" in ji Zubairu.

"Na sani. In ka koma filin nan da shi a ƙafarka, Baba zai ba ka ni, ni kuma zan ce ba na so. Wallahi zan ce." Ta matso jikin igiya ta ci gaba. "Ba zan zauna da kai ina kallon abin da na sa ka rasa ba. Ka cire, mutumin can zai tafi."

Ya daɗe yana kallonta, idanunsa sun cika. Ya dubi Malam, Malam yana kallon teku. Sannan ya sunkuya ya fara kwance igiyar. Sai da ya ja da ƙarfi fatar ta saki, ta taho da fatar yatsunsa. Ya jera takalman a gaban tsohon, ya ce a yafe masa, ya miƙe ya koma.

Abin da ya biyo baya, waɗanda suka gani sun daɗe suna ba da labari. Ƙwallon ta zo masa da ƙarfi, ya sa tafin ƙafa ta kwanta kamar an kira sunanta. Ƙato ya taho, ya gota masa ya bar shi yana rungumar iska. Bai riƙe ta ba, ya tura ta ta wata 'yar kafa da babu wanda ya lura da ita, ta faɗa daidai ƙafar ɗan gaba, sai ga ta a gidan abokan hamayya, an ci.

Daga nan filin ya koma hannunsa. Yana nuna wa wannan inda zai tsaya, yana ƙwace ta a ƙafar wancan ba tare da ya taɓa shi ba, ya jinkirta wasan in ya ga dama, ya zabure shi in ya ga dama. Duk inda ya taka sai ya bar ja a kan ciyawa. Baƙon da ya sa ƙafa ɗaya a keken doki ya sauko, ya dawo, bai ma koma kujera ba, a bakin layi ya tsaya.

Lantana ba ta ga rabin abin ba saboda hawaye.  Kowane ihu da aka yi, sai ta saci kallon mahaifinta, shi kuwa yana tsaye kamar an dasa shi.

Da aka tashi, akawunan sun rama har sun ƙara. Sai ga samarin Turawa sun ruga sun sungumi Zubairu, sun ɗora shi a kafaɗa suna zagaya fili da shi, ƙafafunsa na lilo a ƙirjinsu suna ɓata musu fararen riguna. Masu ɗaukar kujera da ke bayan igiya suka yi tsit. Can wani tsoho a cikinsu ya fashe da dariya har da riƙe ciki, sauran suka ɗauka da shewa.

Wani ɗan fata ya tsiro a zuciyar Lantana. Ta matsa kusa da mahaifinta.

"Baba, ka gani? Su ne suka ɗauke shi."

"Na gani, Uwata," ya ce, a gajiye. "Ya faranta musu ne. Ni ma ranar da na haura gangare da gudu da matar maigida, har cinyar kaza aka ba ni."

Zubairu ya samu ya zame daga hannunsu. Baƙon ya riƙe hannunsa yana girgizawa, Jan Kunne na fassara, ko daga nesa an san me ake cewa. Amma yana sakinsa ya nufo igiya, yana taka gefen ƙafa, ya zo ya zube a gaban Malam. 

Malam ya ce ya ji daɗi da ya sami abin da yake nema, Allah ya sa alheri ne, ya kuma tsare shi a ƙasar mutane. Ya faɗa da zuciya ɗaya, wannan ne ma ya sa abin ya fi ciwo. Sannan ya ce maganarsa tana nan inda ya ajiye ta.

Ɗanbaba ya gyara tsayuwa ya yi gyaran murya. Malam ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ya ɗauki aikinsa ya tafi da shi, kuma daga yau ya nemi wani wurin salla, don shi ma ya sa takalmi ya san bambancin sabo da matsattse. Baduku ya sunkuya ya kwashi takalman ya bi ta bayan mutane.

Sai tsohon ya juyo ga 'yarsa.

"Da kunnena na ji ke kika ce ya cire. Ban taɓa tilasta miki komai ba, ba kuma yau zan fara ba. Ga tarago can zai koma gari, zan hau. In kin biyo ni, mun koma gida, maganar yaron nan ta mutu, ba zan ƙara tayar miki da ita ba. In kin tsaya, kin tsaya. Liman zai iya ɗaura muku, amma ban da ni, ban da gidana."

"Baba, don Allah..."

"Ba na jin roƙo yau, Uwata. Ƙarfina ya ƙare."

Ya juya ya kama hanya a hankali, sanda na gaba yana binta. Ba ta taɓa lura ya tsufa haka ba. Gwaggo Laraba ta ja ta, ta ja ta, da ta ga ba ta motsa ba ta sake ta, ta bi bayan ɗan'uwanta tana waiwaye tana yafito ta da hannu, fuskarta sharkaf.

Lantana ta yi taku ɗaya wajensu. Wa zai dafa masa kunun safe? Wa zai jiƙa masa ƙafa a ruwan ɗumi idan sanyin teku ya taso? Ta ƙara taku. Sai ta ji wani ɗan nishi a bayanta, ta waiwaya.

Zubairu ne ke ƙoƙarin miƙewa ya kasa. Yanzu da gudu ya ƙare, ciwon ya dawo da hakkinsa. Yatsun sun kumbura sun daye, ƙasa da ciyawa sun cushe a cikin raunin, ƙudaje har sun fara sauka.

Ta tsallake igiyar. A gaban 'yan dako da matan Turawa da duk wanda ke da ido, ta durƙusa, ta kama gefen mayafinta da haƙori ta yage, ta ɗora ƙafarsa ta dama a kan gwiwarta ta fara share ƙasar.

Daga bakin titi ƙararrawar tarago ta kaɗa.

"Lantana, tashi," ya ce, yana ƙoƙarin janye ƙafar. "Tashi ki bi shi. Ba shi da kowa sai ke."

Ta riƙe ƙafar gam. Hawaye na ɗiga a kan ƙyallen, tana naɗawa tana ja. Ƙararrawar ta sake kaɗawa, ta ji direba ya yi wa alfadarai tsawa, ta ji ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe ta fara nisa. Ba ta ɗago ba.

"In kika ruga yanzu za ki same su a kwana," in ji shi, shi ma kukan yake. "Don Allah, Lantana."

Ta ƙulle ɗaurin, ta sauke ƙafar a hankali a kan ciyawa, ta share ido da bayan hannu.

"Miƙo ɗayar," ta ce.